Haƙora Arba'in da Uku da Tetsuzo Ya Zaɓa wa Jikata

Ranar Talata, huɗu ga Maris, da hantsi, Sumie ta kira ni a waya ta ce mijinta, Kuramochi Tetsuzo, makaniken giyar mota na unguwarmu a garin Kure, ya cika. Yana zaune a bakin garejinsa da kofin shayi zuciyarsa ta tsaya. Shekararsa saba'in da takwas.

Tetsuzo, ka yafe mini. Da hawaye ya kamata in rubuta wannan, amma da murna nake rubuta shi. Sai da na haura sittin na koyi rubutu a ajin yamma, kai kuwa kullum kana tsokanata wai har yau ban rubuta maka ko layi ɗaya ba. To ga shi, aboki.

Ba ka taɓa zaɓa wa mutum giya daga cikin littafi ba. Sai ka tuɓe takalmi, ka zauna gefen direba, ka kafa tafin ƙafa a ƙasan motar, ka ce a bi da kai hanyar da ake bi kullum. Wani saurayi ya zo yana son giyar da za ta sa motarsa zabura da zarar danja ta ba da hannu. Ka tambaye shi inda mahaifiyarsa take, ya ce Okayama. Ka ce, "To za ka sha kukan inji awa biyu a babban titi. Kafin ka isa ka kurmance, ko faɗanta ba za ka ji ba."

Bara jikata Natsuho ta rasa ƙafar hagu a hatsarin wurin aiki, ƙafar da take taka kuloci da ita. Jar motarta mai ƙofa biyu, wadda ta haɗa da hannunta, ta lulluɓe ta da tamfol, ita ma ta daina fita. Ta ce ƙarshen Maris 'yan gwangwan za su zo su ɗauke ta. Na san in motar nan ta tafi, yarinyar ba za ta sake leƙa waje ba. Da na yi mata maganar giyar atomatik, wadda ba ta buƙatar kuloci, sai ta harare ni.

"Kaka, wannan ai ta tsofaffi ce irinka, masu zuwa sayen awara."

Na kawo maka kuka. Ba damar ka zauna gefenta, don ta ƙi tuƙi, sai ka tambaye ni inda take zuwa a da. Na ce kowace Lahadi da safe takan hau hanyar dutsen bayan gari. Tetsuzo, da shekarunka ka taka hanyar nan da ƙafa har safiya uku, kana ƙirga kwana, kana tsayawa inda hawan ya yi tsanani. Ranar da ta je asibiti muka janyo motar. Ka sa mata atomatik mai giya huɗu wadda ke canzawa da kaifi, ka ƙara abin sanyaya man giya. Babbar giyar da ke tsakanin tayoyin baya mai haƙora talatin da bakwai ce, ka musanya ta da mai arba'in da uku, don ta fi ƙarfin hawa.

Natsuho ta yi fushi, kwana biyu ba ta gaishe ni ba. Ka kira ta ka ce, "'Yar nan, zo ki taka sau ɗaya. In ta yi miki tsufa, ni zan kai ta wa 'yan gwangwan." Ta ce, "Gobe, Baba." Tana ta gobe har Talatar nan ta zo.

Ranar Juma'a aka fito da kai. Wurin ƙona gawa a kan hanyar dutsen yake. Sumie ta fito rungume da hotonka, ta wuce motar da aka tanadar mata, ta danƙa wa Natsuho mukullin jar motar.

"Ke za ki kai ni. In kin ƙi, da ƙafa zan hau, kamar yadda ya hau dominki."

Natsuho ba ta san da wannan ba sai a lokacin. Ta miƙo mini sandarta, ta shiga. Na cusa kaina a baya, gwiwa a haɓa.

A tsakiyar dutsen akwai kwana mai tsananin hawa inda dole a tsaya cak. Ta tsaya. Motar gawa ta yi nisa, na baya suna jira, ita kuwa ta ƙanƙame sitiyari. Na ga cinyarta ta hagu tana motsi, tana neman kulocin da babu.

Sumie ta ce, "Taka mana, 'yata. Tsohon nan bai taɓa son jira ba."

Ta taka. Wayyo Tetsuzo, da ka gani! Motar ko taku ɗaya ba ta koma baya ba, ta yi tsalle gaba, da ta faɗa giya ta biyu tayoyin baya suka yi ƙara cuwit! Sumie ta fashe da dariya, hotonka a ƙirjinta. Natsuho tana kuka tana ihu: "Kaka, riƙe haƙoranka na roba!" Ni kuwa ina ta dukan kujera kamar ba jana'iza za mu ba.

Da muka isa ta kashe inji, sannan ta ce, "Arba'in da uku ya sa, ko? Ya san hanyata."

Jiya Lahadi ƙarar injin ce ta tashe ni. Ta naɗe tamfol ɗin ta ce in rufe kabejina da shi.

Ubangiji ya lulluɓe ka da rahama, Tetsuzo, ya sassauta maka hawan da ke gabanka kamar yadda ka sassauta wa jikata nata. Ya ba Sumie da 'ya'yanku haƙurin wannan rashi. Kunna maka turare a makwancinka kowace Lahadi yana wuyanmu, Natsuho ce za ta kawo ni.

Abokinka,
Hamasaki Isamu