Takardar gwamnati da muka cinye a miya

Shin da gaske ya yi zaton za su karɓa, ko kuwa tun daga gida ya san abin da yake yi? Na yi wa maigidana wannan tambayar ba sau ɗaya ba yana raye, bai taɓa ba ni amsa iri ɗaya ba. Yanzu ya tafi da amsarsa, Allah ya jiƙansa. Ni ke faɗa jikata na rubutawa, don ban taɓa riƙe alƙalami ba. In kun ga labarin ya karkace a wani wuri, kuka ne ya sha gabana.

Shekarun baya ne can, lokacin da aka rage wa ma'aikata albashi, kuɗin sefa kuma ya faɗi. Maigidana mahauci ne a nan Garwa, kilishi ne sana'arsa, gadon ubansa da kakansa. Shi ke yanka nama fale-fale ya shanya a gadon kara, ni ke haɗa labun da ake tsoma shi: tunkuza, citta, kanumfari, masoro, albasa da barkono. Bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai "Mai labu". Masu sayen kilishi kuwa yawancinsu ma'aikata ne da matafiya. Da albashi ya karye, wa zai sayi kilishi gidansa ba gero? Sai ya wuni a bakin tebur yana korar ƙuda. Wata rana ya dawo ya ce mini in abin ya zarce haka, zai rataye wuƙa ya koma dako a kasuwa. Mutumin da furfura ta fara fito masa!

Ana cikin haka ƙanwarsa da ke aure a Gabon ta aiko da kaset, don ita ma ba ta rubutu. Muka aro rediyo muka zauna tsakar gida. Bayan ta gaishe da kowa har da akuyarmu, sai ta ce: "Yaya, mutanenmu na nan suna marmarin kilishin gida kamar su yi kuka. Ka yi mini na sa biyu ka sako a jirgin sama. In ya karɓu, duk wata za ka riƙa aikowa."

Maigidana ya miƙe tsaye, ya koma ya zauna, ya sake miƙewa. Ya ce, "Mai labu, kin ji? Labunki zai hau jirgi kafin ke!" Na ce ai shi ma wuƙarsa ta riga shi. Muka mayar da kaset ɗin muka sake ji har batir ya mutu.

Ya tafi kasuwar shanu ta Adumri ya zaɓo bijimai biyu. Aka yanka a kwata. Gidanmu ya cika da gadajen kara har hanyar banɗaki. Ni kuwa na daka labun da ban taɓa daka irinsa ba, maƙwabta suna atishawa suna tsokanata ta kan katanga: "Matar Gabon, a rage mana barkono!" Muka gasa, muka naɗe a takardar siminti yadda muka saba, muka cika kwalaye. Ranar da jirgi ke tashi ya ɗauki shatar mota ya tafi filin jirgi, na bi shi da guɗa har bakin titi.

Kafin azahar sai ga motar ta dawo, kwalayen na ciki.

Ya ce 'yan duwan, masu duba kayan da ke fita ƙasa, sun ce sai da dosiye. Na ce mene ne dosiye? Ya ce tarin takardu ne a cikin kwali mai laushi. Mu kuwa duk takardar da muka sani a sana'ar nan, ta naɗe kilishi ce. Akwai wani mutum mai cika wa jama'a takardun fitar da kaya a bakin ofishin, shi ya yi masa ta farashi da ta asalin kaya, ya manna musu tambur, wato kan sarki. Saura guda, ita ce babbar: shaidar cewa likitan dabbobi ya ga naman. Maigidana ya ce musu ai ba a fitar da nama daga kwata sai likita ya gani. Suka ce to ya kawo shaida.

Ya zauna a kan turmi ya sunkuyar da kai. Zafin Garwa ya kai ƙarshe, gabas ta fara haɗa hadari, kuma kowa ya san abin da danshi ke yi wa kilishin da ke rufe a kwali. In ya yi fumfuna, bijimai biyu sun tafi, wuƙa kuma ta ratayu.

Can sai ya ɗago ya ce, "Mai labu, ina hatimin?"

Ga yadda abin yake. In likita ya duba nama a kwata, yakan buga masa hatimi da shuɗiyar tawada a cinya. Mai kilishi ba ya son wannan wurin, don shuɗin na ɓata ido, sai ya yanke shi ya ware. A gidanmu ba a zubar da nama, ni yake miƙo wa in busar in ajiye don miya. Na bijiman nan biyu ma haka aka yi.

Na ruga madafa na sauke kwando. Guda ɗaya na samu, ya bushe ƙayau, hatimin na nan raɗau a jikinsa. Ya ce, "Ɗayan fa?" Na tsaya ina kallon tukunya. Shekaranjiya na sa shi a miyar kuka, kuma shi da bakinsa ya ce miyar ta yi daɗi, ya nemi ƙari.

Ya ce, "To sa mayafinki. Tunda rabin dosiye a tukunyarki ya ƙare, ke za ki yi bayani."

Ya sa babbar rigarsa ta salla, ya naɗe tsokar a farin ƙyalle ya sa a aljihun gaba. Ban taɓa zuwa filin jirgi ba sai ranar. Ina ta leƙen jirgin ta cikin shingen waya, ga shi nan tsaye ƙato kamar gidan sama, har na yi tuntuɓe da dakalin ofis.

Shugaban duwan, wanda suke ce wa shef, mutumin kudu ne, mai ƙiba, da tabarau a kan hanci. Faransanci yake yi da Fillanci kaɗan-kaɗan, akwai kuma wani Bafillace cikin masu kaki da ke fassara mana. Shef ya ce, "Jam na, Baba? Ka kawo?" Maigidana ya ce ya kawo. Ya sa hannu a aljihu a hankali, ya warware ƙyallen, ya ajiye tsokar a tsakiyar tebur, a kan takardun mutane, ya juya ta yadda hatimin zai fuskanci shef.

Shef ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya ɗaga tsokar da yatsu biyu ya kai ta wajen taga.

Maigidana ya ce wa mai fassara, "Tambaye shi, wannan hatimin na gwamnati ne ko nawa ne?"

Shef ya ce na gwamnati ne.

"To ai shi ke nan. Ni ban iya karatu ba, amma shi ya iya. Ya karanta."

Mai fassara ya riga ya fara rawar kafaɗa don danne dariya. Shef ya daure, ya ce, "Baba, a takarda an rubuta sa biyu. Hatimi ɗaya nake gani. Ina na biyun?"

Maigidana sai ya juyo ya nuna ni da haɓa. Na ja mayafi na rufe rabin fuska na ce, "Yana cikin miyar shekaranjiya, ranka ya daɗe."

Da aka fassara masa, sai da ya kifa kai a tebur. Ya ɗago da hawaye a ido yana cewa, "Mama! Kun cinye takardar gwamnati!" Masu kaki suka shigo daga sauran ɗakuna, kowa na so ya taɓa tsokar. Wani ya ɗauko abin ɗinke takardu ya gwada maƙala ta a dosiye, ƙarfen ya lanƙwashe, aka sake fashewa. Ni ma na kasa riƙewa. Maigidana ne kaɗai bai ko murmusa ba, yana tsaye cikin babbar riga kamar mai jiran hukuncin alƙali.

Da dariya ta lafa, shef ya ce ba zai iya sa nama a dosiye ba, doka takarda take so, kuma ba za a yi ta yau ba. Amma ya jawo tarho ya kira ofishin likitocin dabbobi da kansa, yana magana yana dariya, ya ce mu je gobe mu nuna musu abin da muka nuna masa. Ya naɗe tsokar da hannunsa ya miƙa wa maigidana da hannu biyu.

Muna fita jirgin ya tashi. Ƙararsa ta shiga har cikina. Muka tsaya muna kallonsa ya nufi kudu ba kilishinmu, a bayansa kuma hadari ya yi baƙi.

Kwanakin da suka biyo baya, ban san na zauna ba. Ruwan fari ya sauka, iska ta yi nauyi. Kullum sai na buɗe kwalaye, na warware kilishi ɗaya bayan ɗaya, na sansana, na ɗora a kan garwashi sama-sama, na mayar. Yatsuna duk suka yi bororo. Shi kuma yana zirga-zirga tsakanin ofisoshi da tsoka a aljihu, har masu babur na unguwa suka sa masa suna "Baba dosiye".

Likitar dabbobin mace ce, siririya, ba ta da yawan magana. Ta ga tsokar ta ce hatiminta ne, ta gane shi. Amma ta ce hatimi ya shaidi nama ɗanye ne, ita sai ta ga inda aka sarrafa shi. Ta zo gidanmu da farar riga, ta duba gadajen kara, ta leƙa turmina, ta tambayi ruwan da nake kwaɓa labu da shi. Ta ce daga yau a riƙa rufe shanya saboda ƙuda, kuma takardar siminti ba za ta ƙetare iyaka ba, sai fara mai tsabta. Nan take maigidana ya shiga ɗaki ya kwanto gidan sauronmu ya baza a kan gadon kara. Ta ce, "Ku kuma fa?" Ya ce, "Madam, mu sauro ya san mu, mun saba." A nan ne na ga haƙoranta. Ta ɗanɗana kilishin, ta daɗe tana taunawa, ta ce wa ya haɗa labun? Ya ce, "Ga ta nan, mai cin takardun gwamnati."

Ta rubuta, ta buga hatimi. Hatimin nan dai, irin na jikin tsokar, wannan karon a kan takarda.

Ranar jirgi na gaba tare muka koma. Shef na hango mu ya ɗaga murya: "Mama, yau ba ki ci komai ba ko?" Suka buɗe kwalaye, suka duba, suka rufe, aka buga, aka sa hannu. Muka ga an tura kayanmu a keke zuwa cikin jirgi. Da ya ɗaga sama, na manta da masu kaki da manyan mutane, na rangaɗa guɗa har wani soja ya juyo. Maigidana ya kama wayar shingen da hannu biyu yana cewa, "Ya tafi, Mai labu, wallahi ya tafi!" Hularsa ta faɗi bai sani ba.

Kaset ɗin da ya dawo daga Gabon ba gaisuwa ma a farkonsa. Hayaniyar mutane ce, wani na tari saboda barkono, wata tsohuwa na cewa, "Wannan na Garwa ne, na rantse!" Sannan muryar ƙanwarsa: "Yaya, a ƙaro." Maigidana bai rataye wuƙa ba sai da hannunsa ya fara rawa don tsufa. Ya zama har wasu mahauta ke zuwa ya nuna musu ofishin da za su fara shiga da wanda za su ƙare.

Tambayar nan dai ita ce ban samu amsarta ba. In na ce, "Tsakaninka da Allah, ka zaci za su karɓa?" wata rana ya ce, "Me zai hana? Hatimi hatimi ne." Wata rana ya ce, "Mutumin da ka ba dariya ba ya korarka." Wata rana kuma ya ce so yake kawai in ga jirgi kusa. Abin da na sani shi ne, tun daga ranar ban ƙara jin tsoron ofis ba. Na gane mutane ne a ciki, suna cin miya kamar kowa.

Tsokar tana nan a ƙasan kwallata cikin ƙyallenta, ta zama kamar itace, shuɗin ya dushe. Nakan ɗauko in riƙe, in yi dariya, dariyar ta koma kuka, don ba wanda zan juya in ce wa "ka tuna?"

Ciwonsa bai yi tsawo ba. Safiyar da zai rasu, ɗanmu ya shanya nama a tsakar gida, ni ina zaune gefen gado na ƙi motsawa. Ya buɗe ido ya dube ni, ya ga fuskata a jiƙe. Ya yi ɗan murmushin nan da ya hana kansa a ofishin duwan, ya ce:

"Mai labu, bar kuka. Wannan tafiyar ba a neman dosiye. Tashi ki rufe naman nan, kar ƙuda ya hau."