Teburin Hajiya Safiyatu a Longsight

Shekara tara Hajiya Safiyatu Jumare ta yi tana karɓar marasa lafiya a teburin rajista na wani ƙaramin asibitin unguwa da ke Longsight, a birnin Manchester. 'Yar Zariya ce, ta biyo mijinta injiniya zuwa Manchester, da yara suka tasa ta nemi aiki. Su huɗu ne a teburin lokacin da ta fara. Da gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu, aka bar su biyu, waya na kuka, layi har bakin ƙofa.

An san ta da abu ɗaya: ba ta tambayar fasfo. In sabon mutum ya zo rajista yana rarraba ido, sai ta miƙa masa fom ta ce, "Suna da ranar haihuwa kawai. Likita za ka gani, ba jirgi za ka hau ba." Ta haka Celestina ta shiga littafinsu, wata 'yar Jos mai hawan jini, wadda bizarta ta ƙare tana goge-goge a wani sito a Cheetham Hill. Hausarta ta fi ta 'ya'yan Hajiya. Maman Dung Hajiya take kiranta, da sunan ɗan da Celestina ta bari a gida.

Wata Talata a shekarar 2017, jami'an shige da fice biyu suka shigo, suka ajiye hoton Celestina a kan teburin. Adireshinta suke so, da ranar da za ta dawo ganin likita.

Hajiya ta tambaye su ko sun zo da takardar kotu. Ba su da ita. Ta ce bayanan mara lafiya amana ce, ba ta da ikon buɗewa, sannan ta kira manajan asibitin, shi ma ya faɗa musu haka. Suka ɗauki hotonsu suka fita, ba tare da hayaniya ba.

Sai dai akwai mutane a ɗakin jira, kafin la'asar labari ya kai Cheetham Hill. Celestina ta bugo waya.

"Hajiya, ki rantse min adireshina ba zai kai hannunsu ba."

Hajiya ta san a shekarun nan akwai wata hanya can sama da jami'an shige da fice ke bi su nemi adireshin marasa lafiya, wadda ba ta ratsa teburinta.

"Maman Dung, daga bakina ba zai fita ba. Amma kwamfutar nan ba tawa ba ce. Ba zan rantse miki a kan abin da ba ya hannuna ba. Don Allah ki zo ki karɓi maganinki."

Ba ta zo ba. Ta tattara kayanta ta koma Birmingham, wurin wata ƙawarta a Selly Oak, ta ƙi yin rajista da kowane likita. Maganin da ke jakarta ya ƙare a wata na biyu. A wata na biyar ta yanke jiki ta faɗi a tashar bas ta Bristol Road, ɓarin jikinta na hagu ya shanye.

Da labari ya iso ta, Hajiya ta hau jirgin ƙasa ranar Asabar, da kunun gyaɗa a fulas. Ta tarar da ita a gadon asibiti, magana na fita da ƙyar. Ta zauna ta ba ta kunun cokali-cokali, ta ce, "Da na rantse miki, da kin zo."

Celestina ta girgiza kai. "Da kin rantse, da ban sake yarda da ke ba."

Wata lauya ta ɗauki shari'arta kyauta, aka yi shekara biyu ana kai da kawowa kafin a ba ta izinin zama na ɗan lokaci. Tana tafiya da sanda yanzu, hannun bai dawo ba.

Hajiya ta bar aiki a 2020. Har yau in aka ɗauko zancen, ba ta yarda a yabe ta. Cewa take yi ta yi abin da ya wajaba a kanta ranar Talatar nan, amma wayar la'asar ɗin ce ba ta gama yanke wa kanta hukunci a kai ba.