Wayar da Ta Ƙi Layin Kaduna

Sharhabil bai taɓa hawa jirgin sama ba. Iyakar tafiyarsa Legas, ita ma sau biyu. Amma ka tsaya a rumfarsa da ke bakin Babbar Kasuwar Kaduna ka tambaye shi kuɗin waya a Dubai ko Sin ko Landan, zai zayyana maka kamar jiya ya dawo. Masu zuwa Umara sukan biyo ta wajensa kafin su tashi. Sai ya ce musu wannan ku saya a can, waccan ku bari sai kun dawo, don in kun haɗa da canjin kuɗi wahalar banza kuka yi.

Gyaran rediyo ya gada. Mahaifinsa yana da ɗan shago a Unguwar Kanawa, cike da rediyoyin da masu su suka kawo gyara suka manta da su, a nan ya koyi riƙon sukurdireba tun bai gama firamare ba. Da wayar salula ta shigo gari ya ga inda kasuwa ta dosa, ya tattara kayan aikinsa ya komo kasuwa. Yau shekara ashirin da ɗoriya ke nan yana sunkuye a kan cikin wayoyin mutane, har ido ya fara neman tabarau.

Abin da aka san shi da shi guda ne, ba ya yi wa waya ƙarya. Ya taɓa gaya wa wani ango, a gaban abokansa, cewa sabuwar wayar da ya saya wa amarya tsohuwa ce aka yi wa wanka aka sa a kwali. Angon bai ƙara gaishe shi ba. Matarsa Bilkisu ta sha ce masa gaskiya ma ana sa mata ɗan gishiri, shi kuwa sai ya ce shi ba mai abinci ba ne. Mutum ne mai taurin kai, wannan ba a musu, amma saboda taurin kan nan ne mutane suke tsallake rumfa goma su zo tasa.

Ranar wata Talata da hantsi sai ga Gwaggo Uwani, ƙanwar mahaifinsa, ta sauko daga Keke Napep rungume da jaka. Tsohuwar malamar firamare ce, ta yi ritaya tana zaune a Abakpa. Ɗanta na fari, Sadiq, ya tafi Amurka shekara uku da suka wuce, kuma tun da ya tafi ban da gaisuwa ba abin da ya aiko. Gwaggo ba ta taɓa kuka da shi ba, yadda ba ta taɓa yabonsa ba, ko sunansa ba ta faɗa saboda alkunyar ɗan fari. Amma kowa ya san maganganun da ake yi a gidan suna da gidan biki suna isa kunnenta.

Ta zauna a kan benci, ta fito da kwali daga cikin jaka a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

"Taubashinka ne ya aiko. Sa mini layina a ciki."

Sharhabil ya juya wayar a hannu. Sabuwa ce fil, irin wadda a kasuwar nan sai ka ajiye miliyan ɗaya da ɗoriya kafin a miƙo maka. Gwaggo ta kau da kai wai ita ba ta damu ba, amma bakinta ya kasa yin shiru. Ta ce jiya Hajiya Yalwa maƙwabciyarta ta sa an tambayo kuɗin irinta, yanzu duk unguwar ta sani. Ta ce ɗan'uwanta, Kawu Ado, ya zo da kansa ya ce tun da Allah ya buɗa wa yaron, a tuna masa rufin gidan gado da ke yoyo. Akwai kuma kuɗin makarantar 'ya'yan ƙanwarta. Duk ta amsa musu za ta yi magana.

Ya sa layin. Wayar ta rubuto abin da yake tsoro. Ya cire ya sa nasa, ya sa na maƙwabcinsa, duk amsa ɗaya.

Ya san wannan ciwon sarai. A can Amurka, kamfanin layi yakan ba mutum waya mai tsada ba tare da ya ajiye wani abin kirki ba, ya riƙa biya kaɗan-kaɗan duk wata, su kuma su kulle ta kada ta karɓi layin kowa sai nasu har ya gama. A nan kuwa ba wanda zai ba ka waya sai ka dire kuɗinta a dunƙule, shi ya sa mutanen Abakpa suka auna Sadiq da farashin Kaduna suka ga attajiri. Sharhabil ya auna shi da farashin can, sai ya ga mai bashi a wuya.

Ya ce, "Gwaggo, ki bar ta a nan, ki dawo gobe. Akwai abin da zan duba."

Bayan La'asar ya kira Sadiq. A da in suka haɗu a waya sai sun yi minti biyar suna tsokanar juna irin ta taubasai kafin a shiga magana. Ranar ba wanda ya tsokani wani. Sadiq ya ɗauka da muryar barci, ya ce sai tsakar dare yake tashi daga aiki. Da ya ji zancen kulle sai ya ce:

"Wallahi Yaya ban san za ta ƙi ba. Lodin kaya nake yi a wani sito, mu huɗu a ɗaki ɗaya. Na gaji da jin ana yi wa Mama gori, na ce bari ta samu abin nunawa. Saura wata goma sha takwas in gama biya. Don Allah ka rufa mini asiri, ka ce mata matsalar sabis ce."

Sharhabil ya ajiye waya ya zauna ya kasa taɓa aiki. Tausayin yaron ya kama shi, haushinsa ma ya kama shi. In ya yi ƙaryar, Gwaggo za ta ci gaba da ɗaukar alkawura, rufin gida da kuɗin makaranta duk su sauka a kan mai lodin kaya. In ya faɗi gaskiya, ya tona asirin da aka roƙe shi ya rufe, ya kuma ƙwace wa tsohuwa farin cikin da ta yi shekara uku tana jira. Ya gaya wa ango gaskiya bai ji komai ba, amma wannan Gwaggo ce, wadda ta goya shi.

Washegari ta dawo. Ya shirya ƙaryar tsaf tun daga gida, har ya maimaita ta a kan babur. Ya buɗe baki ya ce sabis ɗin Amurka da na nan ne ba su jitu ba, sai ya fara in'ina, ya shiga goge tabarau da bakin riga. Gwaggo ta yi shekara talatin da biyar tana kallon yara suna ƙaryar sun manta littafi a gida. Ta bar shi ya gama.

"Sharhabil, ka girma ba ka iya ba, kada ka fara yanzu. Sata ce?"

"A'a, Gwaggo! Wallahi ba sata ba ce."

"To mene ne?"

Ya gaya mata yadda ake sayar da waya a can. Bai ambaci sito ba, bai ambaci ɗakin mutum huɗu ba, ita ma ba ta tambaya ba. Abu ɗaya ta nema, nawa yake biya duk wata in an mayar naira. Da ya faɗa, ta ga ya kusa kamo fanshonta. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ba don wayar ba, sai don tunanin ɗanta yana can yana ƙuntata wa kansa saboda bakin Hajiya Yalwa.

Ta ce, "Kira mini shi. Irin kiran da ake ganin mutum."

"Gwaggo, yanzu asuba ce a can."

"Ai gara, ya tashi ya yi salla."

Fuskar Sadiq ta fito, ido ja. Gwaggo ta gyara mayafi, ta ɗaga kwalin yadda zai gani, ta saki fuska.

"Saƙo ya iso, Allah ya yi albarka. Taubashinka ya ce wayar baƙuwa ce, sai ta yi wata goma sha takwas kafin ta saba da sabis ɗin nan. Ni ba sauri nake ba, ƙaramar tawa tana aiki."

Sadiq ya sauke ajiyar zuciya. Sharhabil ya sunkuyar da kai a kan wata wayar da ba abin da ya same ta.

"Sai kuma ka ji ni da kyau. In Kawunka Ado ya kira ka, ko wani, ka ce na hana. Kwabo kada ka aika wa kowa, ni ma kada ka ƙara aiko mini komai. Ka ce tsohuwarka ce ta sa doka, su zo su zage ni, na saba."

"To, Mama."

Ta matso da wayar kusa da idonta, ta ƙura masa ido. Muryarta ta yi ƙasa.

"Kai, Sadiq, ka rame. Kana cin abinci kuwa?"