Ranar da Na Tare wa Mijina a Gaban Mahaifiyarsa

Ko zan manta komai na zaman aurena, ba zan manta zuwan surukata gidanmu a Agege na farko ba. Ni haifaffiyar Legas ce, kuma ban iya haɗiye magana ba. Mijina albasa yake sayarwa a kasuwar Mile 12, shi ne ɗan surukar tawa na fari.

Tun da ta sauka daga mota take kushe shi. Ko sunansa ba ta kamawa, sai dai "wancan". Ya sayo mata atamfa, ta ce wancan bai san kaya ba. Ya dawo a gajiye, ta ce ai tun yana yaro rago ne. Shi sai murmushi, ni ce nake ƙuna. Gidan haya muke, matan gida suna jin komai, har sun fara yi min kallon tausayi. Na ga mutuncinsa yana shirin zubewa a tsakar gida.

Ran nan muna tsintar shinkafa ta sake cewa, "Wancan ai ba ya tsinana komai." Na ajiye faranti na durƙusa.

"Inna, ki gafarce ni. Ɗanki da asuba yake shiga motar danfo zuwa kasuwa, ko ana ruwa. Bai taɓa barina da yunwa ba, bai taɓa ɗaga min murya ba. A unguwar nan in ana neman mai amana, shi ake kira."

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Na ɗauka na ɓata mata rai, amma ban janye ko kalma ɗaya ba. Da yamma wata dattijuwa maƙwabciyarmu, mutuniyar Katsina, ta yi ta yi min dariya. "Ke 'yar Legas! A can gida wace uwa ta taɓa yabon ɗanta na fari? Kunya ce kawai."

Ranar komawarta muna tasha, mijina ya je ɗora kaya, sai ta riƙo hannuna ta yi ƙasa da murya.

"Abin nan da kika faɗa rannan, na amana. Sake faɗa min."

Na maimaita mata tiryan-tiryan, tana share ido da bakin mayafi.

Daga ranar na gane ba kowane kushe ne ƙiyayya ba. In ana sukar mijinki a gabanki, faɗi alherinsa cikin ladabi, kada ki ji tsoro. Wataƙila mai sukar ma abin da take marmarin ji ke nan, bakinta ne ba zai iya ba.