Layin da Na Tsallake a Katin Tayar da Inji

Har gobe ba zan manta da safiyar da na fara ɗaga murya a wurin aiki ba. Shekarun farko ne bayan samun 'yancin kai, lokacin ana kiran ƙasarmu Dahomey, ni kuma ina ajin ƙarshe a lakwal, wato makarantar boko. Da hutun damina ya zo, aka ɗauke ni buga takardu a filin jirgin Parakou, saboda na iya keken rubutu kuma ba ni da surutu.

Shugabana Malam Idi ne, wanda kowa ke kira Shef. Shi ke koya wa sababbin matuƙan jiragen haya yadda ake tayar da inji. Dokarsa ɗaya ce, kullum yana maimaita ta: "Ku bi kati, kada ku bi kanku." Katin nan jerin matakai ne da matuƙi ke karantawa da ƙarfi kafin ya kunna. Shef ya rubuta da hannu, ya ba ni na buga.

Tagar ofishina tana kallon filin. Ranar da nake bugawa, wani jirgi ya tashi ya shige cikin gajimare, na bi shi da ido ina tunanin yadda rufin gidanmu na unguwar Banikanni zai kasance daga can sama. Da na dawo kan takardar, na ci gaba daga inda nake zaton na tsaya. Shef ya sa hannu, aka miƙa katin ga Mushe Basile, wato Malam Basile a Faransanci, matashin matuƙin da za a yi wa jarrabawa.

A Djougou aka shirya jarrabawar, aka tafi da ni don in rubuta sakamako. Hawana jirgi na farko ke nan. Gonakin doya suka koma kamar tabarmi, shanu kamar farin wake da aka watsa. Na kwana wurin gwaggona, jirgin ya kwana a fili.

Ga abin da ya kamata ku sani. Injin irin wannan jirgi a zagaye yake, tukwanensa na ƙona fetur sun kewaye shi. Idan ya kwana, baƙin mai kan gangara ya taru a tukunyar ƙasa. In aka kunna a haka, ƙarfen ciki zai lanƙwashe, wataƙila ba zai karye ba sai ana sama. Shi ya sa ake fara juya farfela da hannu, inji a kashe, a ji ko za ta cije.

Da safe Basile ya hau, ya buɗe taga, ya fara karanta kati. Shef kuwa wani Alhaji mai fataucin shanu ya tare shi, ya dage sai ragonsa ya shiga jirgi.

"Haba Shef, ragon nan ya fi wasu fasinjojinka ladabi!"

"Alhaji, in ya iya ɗaura bel, bismillah."

Ni ina gefe ina kallon ƙasa, kamar yadda na saba. A ƙarƙashin injin na ga ɗigon mai a kan jar ƙasa, tururuwa suna kewaye shi. Sai na ji Basile ya gama duba tayoyi ya wuce kai tsaye zuwa buɗe mai. Ban ji maganar farfela ba. Rubutun Shef ya faɗo mini a rai, layin da ya ja wa layi biyu a ƙasa. Shi na tsallake ranar gajimare.

Hannun Basile ya nufi makunni. In na yi magana, kowa zai san laifina ne.

"Tsaya!"

Har ragon ya waiwayo. Shef ya taho da sauri. "Hadiza, lafiya?"

"Ba a juya farfela ba, Shef. Babu shi a katin. Ni na tsallake."

Shef ya nufi gaban jirgin. Ya tabbatar inji a kashe yake, ya kama farfelar ya ja. Ta tafi, ta tafi, sai ta cije kamar an riƙe ta. Aka kwance fulogin ƙasa, baƙin mai ya tsiyayo ya kusa cika kofi.

Shef ya dubi Basile. "Kai ba ka da kai ne?"

"Shef, kai ka ce mu bi kati, kada mu bi kanmu."

Shef ya karɓi katin, ya daɗe yana kallon sa hannunsa a ƙasan katin. Na riga na fara tunanin abin da zan gaya wa Baba idan aka kore ni.

"Mu uku muka faɗi," in ji shi. "Ta tsallake, na sa hannu ban karanta ba, kai kuma ka karanta ba ka yi tambaya ba. Amma mutum ɗaya ce ta gyara nata." Ya miƙo mini katin. "Ɗiyata, sake bugawa. Za mu karanta tare."

Basile ya sake jarrabawa bayan mako guda, ya ci. Daga ranar Shef ya ƙara wa dokarsa wutsiya: a bi kati, amma wanda ya ga wani abu, ko mai shara ne, ya ce a tsaya, kuma a tsaya.

Na gama lakwal na dawo filin, a nan na tsufa. Abin da na koya shi ne, a aikinmu kuskure ba ya kashe mutane da sauri kamar kunyar faɗinsa. Har na yi ritaya ban daina kallon gajimare ba. Sai dai nakan kai ƙarshen layi tukuna.