Fuskar da Ke Ƙarƙashin Shuɗi

A lokacin da wannan abu ya faru, ni ƴar Maradi ce da ba ta daɗe da kammala karatun ilimin halayyar ɗan Adam a jami'a nan Yamai ba. Ina da wani hali tun ina ƙarama: ba na iya barin maganar da ba daidai ba ta kwana a bakina. Idan na ce wa ƙawata na iso da la'asar, daga baya na tuna ashe bayan la'asar ne, sai na neme ta na gyara. Abokan karatuna suna kirana Hajiya Daidai, ni kuma a ɓoye ina jin daɗin sunan, domin na ɗauka wanda yake tsare gaskiyar kalma ba zai taɓa cutar da kowa ba. Ba zan ambaci sunan kowa a wannan rubutu ba, kuma na yi iya ƙoƙarina in faɗi kowane abu yadda ya faru.

Aikina na farko a wata ƙaramar cibiya ne a unguwar Banifandou, inda ake karɓar mutanen da wani babban rashi ya danne wa zuciya. Ɗaya daga cikin hanyoyin da muke bi ita ce jinya ta hanyar zane: a ba mutum launi da wurin zanawa, domin abin da baki ya kasa furtawa wani lokaci hannu yakan fitar da shi. Zafin Yamai yana busar da fenti tun yana cikin gwangwani, saboda haka waɗanda suke tallafa wa cibiyar suka aiko mana da tabilet, irin wadda ake zane a kan gilashinta da yatsa ko da ɗan alƙalami. Duk abin da aka zana yana tafiya da kansa zuwa wata ma'ajiya a intanet, inda wata ƙwararriya da ke ƙasar waje take dubawa, mu tattauna da ita ta bidiyo. Da yake ni ce ƙarama kuma mai sabon ilimi, ni aka damƙa wa na'urorin. Babbar abokiyar aikina wata ma'aikaciyar jinya ce Bazabarma, mai yawan barkwanci, wadda kowa yake kira Tanti. Ita ba ta taɓa tabilet. Takan ce farantin da ba a zuba tuwo a ciki ba ta ga amfaninsa ba.

Bayan damina aka kawo mana wani dattijo, malamin lakwal ne, wato makarantar boko, ɗan Damagaram da ya yi shekaru yana koyarwa a Yamai. Matarsa ce ta kawo shi, ita ce kuma ta ba mu labari. Ruwan sama ya rushe bangon ɗakinsu na ƙasa a kan ƴarsu ta auta tana barci, ta rasu. Bangon ya daɗe da tsagewa, Malam yana ta cewa zai gyara idan an yi hutu. Tun daga ranar bai sake kiran sunan yarinyar ba, bai koma aji ba, ba ya barci, abinci ma sai an matsa masa. Ya sa an tattara hotunanta an kai gidan wata ƴar'uwa, ya kuma hana a yi zancenta a gabansa.

Ranar farko da na miƙa masa tabilet ya ƙi karɓa. Ya ce min cikin ladabi, yana kirana ƴata, shi ba ya zana surar abu mai rai, haka ya tashi ya ga mahaifinsa, kuma ba da furfura zai fara ba. Na ce masa ba dole sai mutum ko dabba ba, launi kaɗai ma ya isa. Ya juya na'urar gaba da baya, ya yi ɗan murmushi, ya ce wannan allo ne da ba ya cin alli. Sannan ya yi min tambaya guda, ya ce idan ya yi rubutu a kai ya shafe, shin ya shafu ke nan kamar na allon aji? Na amsa masa ba tare da wata shakka ba. Na ce ƙwarai kuwa, Baba, abin da ka shafe ko ka rufe da wani launi ya tafi, babu mai ganinsa, ko ni. Na yi imani da abin da na faɗa. Ban bincika ba.

Daga nan ya riƙa zuwa kowane mako. Yakan roƙe ni in zauna can wajen taga, shi kuma ya jingina tabilet da ƙirjinsa yadda ba na ganin gilashin. Yakan daɗe hannunsa yana motsi a hankali. Idan ya gama ya miƙo min, abu ɗaya nake tararwa kullum: shuɗi mai duhu, irin na rini, ya rufe gilashin daga sama har ƙasa. A rahotona nakan rubuta cewa mai jinya yana amfani da launi ɗaya, babu wani canji. Amma matarsa tana ce min akwai canji. Ta ce ya fara barci, ya fara tambayar abin da aka dafa, har ran nan ya yi mata tsiya a kan gishirin miya, ita kuma ta ce masa mai bakin da ya dawo daga tafiya ba ya zaɓen miya. Abin ya dame ni. Rahotona yana cewa babu ci gaba, matar da take kwana ɗaki ɗaya da shi tana cewa akwai, kuma na san shafa launi ɗaya ba ya cin wannan lokaci mai tsawo.

Wata rana da hantsi ina gyara na'urorin, na taɓa wata ƴar alama a gefen zanensa wadda ban taɓa kula da ita ba. Sai shuɗin ya ɓace, gilashin ya koma fari, layi ya fara fitowa da kansa. Ashe manhajar tana naɗe kowane motsin hannu tun daga farko, tana iya maimaita shi kamar bidiyo. Na ga da'irar fuska, na ga kitso ƙanana, na ga ido, na ga baki yana dariya da giɓin haƙoran gaba. Hannun ya daɗe a kan kunne yana gyara ɗan kunne. Bayan fuskar ta kammala, sai aka ɗan dakata, sannan shuɗi ya fara saukowa daga sama har ya binne ta. A nan ya kamata in ajiye na'urar. Ban ajiye ba. Na buɗe zanen makon da ya gabata, da na gabansa, har na kalle su duka, ina gaya wa kaina wai don rahotona ya zama daidai ne. Fuska ɗaya ce a kowanne.

Na je wurin Tanti na gaya mata. Ta ce in kashe wannan naɗi, in goge abin da ya taru, in rufe bakina har abada. Na ce mata ba zan iya ba, domin na faɗa wa dattijo maganar da ba gaskiya ba, kuma a kan wannan magana ya saki jiki. Haƙƙinsa ne ya sani. Ta dube ni ta ce Hajiya Daidai, mutumin nan yana warkewa, ke kuma abin da ke damunki shi ne jimlarki ta karkace. Ta tambaye ni shin shi za a yi wa magani ko ni. Na ji haushin maganar. Har yau ban tabbata shawararta ce daidai ba, domin ci gaba da karɓar sirrin mutum a kan alkawarin ƙarya shi ma cin amana ne. Abin da na tabbatar kawai shi ne yadda na bi da lamarin ya fi kowace hanya muni.

Da ya zo a makon, na bari ya gama zanensa, sannan na ce masa akwai kuskuren da nake so in gyara. Na bayyana masa cewa na'urar tana riƙe abin da aka shafe. Bai fahimta ba. Ya yi dariya, dariyar farko da na taɓa ji daga gare shi, ya ce ƴata, na shafe allo tun ba a haife ki ba, ban taɓa ganin darasin jiya ya dawo da ƙafarsa ba. Da na tsaya a nan na ce masa kawai ya yarda da ni, da wataƙila abin ya zo da sauƙi. Amma na ga bai gane daidai ba, ni kuma ba na iya barin mutum da fahimtar da ba daidai ba. Na taɓa alamar. Ban lura matarsa ta shigo ɗaukarsa tana tsaye a bayanmu ba. Fuskar ta fara fitowa layi bayan layi, kuma da giɓin haƙoran ya bayyana matar ta kira sunan yarinyar da ƙarfi, ta durƙushe a ƙasa tana salati. Malam bai waiwaya ba. Ya kalli gilashin har shuɗin ya sauko, ya miƙe, ya gyara hularsa, ya ɗaga matarsa, ya yi mana sallama kamar yadda ya saba.

Bai dawo ba. Bayan wani lokaci na nemi izini na je gaishe shi a unguwar Kalley, a gidan wan matarsa inda suke zaune tun rushewar nasu. Na biya kasuwar Piti Marshe na sayi lemu da ayaba, don kada in shiga hannu sake. Matar ce ta tare ni a zaure. Ba ta yi min faɗa ba, kuma da ta yi da na fi samun sauƙi. Ta ce ita ta gode da ta sake ganin fuskar ƴarta, amma shi ya koma yadda yake a da, har ya fi. Ba ya barci, ba ya fita masallaci saboda yana jin kamar kowa ya san ya karya abin da ya riƙe tun ƙuruciya, ita ma ba ya iya haɗa ido da ita.

Na same shi zaune a kan tabarma, ya rame. Ya amsa gaisuwata, ya tambayi mutanen Maradi. Da na fara ba shi haƙuri sai ya ɗaga hannu. Ya ce bai riƙe ni da komai ba. Ya ce a duniyar nan wuri ɗaya ne ya rage masa inda yake ganin yarinyar ba tare da kowa ya gan shi ba, yakan gaishe ta, ya nemi gafararta a kan bangon, ya rufe ta da hannunsa yadda bai samu ya yi ba ranar da aka kai ta makwancinta. Yana kuma gaya wa kansa cewa surar da ba ta wanzu ba Allah zai yafe masa ita. Sannan ya tambaye ni mutum nawa ne suka gani. Na ce ni, da matarsa, kuma zanen ya tafi ma'ajiyar intanet inda ƙwararriyar take dubawa, ban san ko ta taɓa alamar ba. Ya ce in goge su duka. Na ce na riga na goge daga na'urar da kuma ma'ajiyar. Sai ya dube ni sosai, karo na farko a ranar, ya ce: "To yanzu ta shafu, ƴata?"

Na san amsar da yake bukata. Kalma ɗaya ce. Amma na karanta cewa irin waɗannan ma'ajiyoyi sukan riƙe kwafi a wuraren da mai amfani da su ba ya gani, kuma na riga na taɓa ba shi tabbacin da ban mallaka ba. Na ce masa ban sani ba, Baba. Ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya yi min albarka, ya juya fuskarsa wajen bango. Ba a daɗe ba na ji sun koma Damagaram. Na kira lambar matar sau da yawa, daga baya ta daina shiga.

Har yanzu ina aiki a cibiyar, sai dai ban ƙara jin cewa na iya aikin ba. Tanti ta daina kirana da tsohon sunan nan, kuma ban tambaye ta dalili ba. Na mayar da takarda da alli ɗakin zane, duk wanda ya gama yana da damar ya yaga ko ya tafi da abinsa. Wannan bai gyara wa Malam komai ba.

Ga ƴan'uwana matasa masu shigowa wannan aiki da na'ura a hannu, ina roƙonku abu kaɗan. Kada ku ba mai jinya wata manhaja sai kun san abin da take riƙewa da inda take aikawa, kuma ku gaya masa tun kafin ya ɗora yatsa a kai. Idan kun tarar da abin da mutum ya rufe, ku sani ba domin ku ya rufe ba, kada ku buɗe. Idan kuma kuskure ya riga ya faru, ku tambayi kanku wa gyaran zai amfana, shi ko kwanciyar hankalinku. Ni ban yi wa kaina wannan tambaya ba sai bayan dattijon ya tafi. Ya tambaye ni abu ɗaya sau biyu. Na farko na ba shi amsar da ba gaskiya ba ya fara warkewa, na biyu na ba shi ta gaskiya ya juya wa bango fuska, kuma har yau ban san wadda zan ba shi ba idan Allah ya sake haɗa mu.