Juma'ar da Injuna Suka Yi Shiru

A cikin shekarun da na yi ina aikin rediyo a Birnin Kebbi na naɗi muryoyi da yawa, akasarinsu sun fita daga raina. Amma akwai wata Juma'a ta rani, wajen azahar, a wani gida kusa da Gulma, da ba zan manta da ita ba har in koma ga Mahaliccina. Waɗanda ke wurin su ne wata tsohuwa, da 'yan wasa mata, da mai yi musu kwalliya, da ni. Babu namiji ko ɗaya.

Wani matashin darakta ɗan Argungu ne ya same ni a gidanmu da ke Badariya. Yana shirya fim mai waƙoƙi a kan rayuwar bakin gulbi a zamanin ƙuruciyar kakarsa, yana neman mai kula da sauti. Ya ce ba ya son rubuta shekara a fuskar fim. So yake waƙar farko ta gaya wa mai kallo inda yake da zamanin da yake ciki. Waƙar kuwa ta lugude ce, wadda mata ke yi suna surfen shinkafa, taɓare na sauka a turmi bi da bi kamar kiɗa. Kakarsa ce za ta rera, don ita kaɗai ta rage a cikin sa'o'inta.

Abin da ido ke gani bai ba su wahala ba. Sun lulluɓe rufin kwano da ciyawa, sun kafa zana ta tare turken lantarki, an kwashe bokitan roba aka jera ƙore da tuluna. 'Yan wasa suka ɗaura saƙi, aka bi ƙafafunsu aka tattara silifa. Duk wanda ya leƙa kyamara sai ya rantse an koma da.

Ni kuwa da na sa abin sauraro a kunne, ƙarar zamanin yau nake ji. Lokacin ban ruwan albasa ne, injunan jan ruwa na ruri a fadama tun daga asuba har faɗuwar rana. Kunnen ɗan gari ya saba da su har ba ya jin su, amma makirfo bai san sabo ba. Muka je muka roƙi manoma su kashe na ɗan lokaci. Wani dattijo ya saurare mu da kyau, sannan ya ce wa darakta, "Ɗana, albasa ba ta san fim ba. In ta ji ƙishi, kai ka shayar da ita?" Gaskiya ya faɗa, muka dawo.

Akwai hanya mai sauƙi, ita ce a kai mawaƙiya ɗakin naɗar sauti a birni, 'yan wasa su riƙa motsa baki daga baya. Tsohuwa ta ƙi. Ta ce waƙar turmi ba ta fita sai da turmi. Ga shi kuma numfashinta ya soma gajarta, 'ya'yanta sun yanke ranar Asabar za a kai ta asibiti. In ba a samu muryarta ranar Juma'a ba, ba wanda ya san ko za a sake samu. Gwajin da muka yi a baya ma bai gamsar da ni ba. Tana ganin maza tsaye da na'urori sai ta sunkuyar da kai, ta yi baitin gaisuwa biyu uku a hankali, ta ce shi ke nan.

Ranar Juma'ar, maza na alwala suna shirin masallaci, ina zaune ƙarƙashin tsamiyar tsakar gida da abin sauraro a kunnena. Sai na ji inji ɗaya ya mutu. Can wani ya biyo baya. Kafin a jima fadama ta yi tsit, har ina jin kukan kurciya da muryar wata mata tana kiran awakinta daga nesa. Manoman ma masallaci suka nufa.

Na kira darakta na ɗora masa abin a kunne. Ya tsaya, hannun rigarsa a naɗe, ruwan alwala na ɗiga daga gemunsa. Ya dubi kyamara, ya dubi ƙofa.

Kakarsa ta gane abin da ke ransa. Ta ce, "Kai, mijin banza, mi kaka tunani? In ka bar Juma'a don waƙata, ba ni yin ta."

Ya ce, "Kaka, to wa zai riƙe kyamara?"

"Ba ƙafafu gare ta ba? Ta tsaya da kanta. Tahi, ka yi muna addu'a."

Mai ɗaukar hoto ya kafa kyamarar inda za ta kama tsamiya da turame duka, ya nuna wa mai kwalliya inda za ta danna. Suka fita, muka saki labulen zaure.

Tsohuwa ba ta iya ɗaga taɓarya, don haka aka zaunar da ita a kan turmin da aka kifa, da faifai a cinyarta. Ta dubi 'yan matan ta ce, "To, yanzu mu ɗai muka nan. Ku bar rawa irin ta fim, ku daka kamar kuna jin haushin wani." Suka yi dariya, taɓare suka fara sauka. Da kiɗan ya daidaita sai ta ɗaga kai, ta saki wata murya da ban taɓa ji daga gare ta ba. Habaici ne ga masunci da homarsa, ragar kamun kifi: mai homa ya dawo, kifi ya kwana a gulbi. Daga nan ta bi mazan gari ɗaya bayan ɗaya, mai barci a kwalekwale, mai yawan baƙi da ƙarancin cefane. 'Yan matan suna amshi suna jefa taɓarya sama suna tafi. Sau biyu numfashi ya yanke mata, hannuna ya kai ga na'ura don in tsayar da naɗi, amma amshi ya riƙe mata wurin har ta dawo. Ta kai ƙarshe ta ce, "Ɗiyata, kin samu?" Na ce, "Inna, na samu." Ba a jima ba injin farko ya tashi a fadama.

Da darakta ya dawo ya saurara, sai ya ce, "Kaka, ban taɓa jin waɗannan baitoci ba." Ta ce, "Ba don kunnenka anka yi su ba."

Abin da na koya shi ne, ba a dawo da zamanin da ya wuce da ƙore da saƙi kawai. Sai an tambaya me ba a ji a lokacin, kuma wa ba ya wurin. Mun cire roba da kwano, muka bar injuna da idon maza, alhali su suka fi nesa da tsakar gidan da take tunawa.

Washegari aka kai ta asibiti. Ta samu sauƙi ta koma gida, amma muryar ba ta dawo ba. Da wannan hoto guda, wanda kyamara ba ta motsa ba, aka buɗe fim ɗin.